Dillalin Citta a Kasuwar Rana

Laraba, 26 ga Fabrairu

Madalla da ilimi. Madalla da masu gilashi a ido da suka zauna ƙarƙashin fanka suka gyara mana duniya. Ashe duk shekarun da na yi ina dillancin citta a Kafanchan, ina shan rana, ina rantsuwa, ina bin mai saye har bakin mota, wahalar banza na sha. Yau na ji an ƙirƙiro cinikin da ba a tayawa. Farashi ɗaya, shekara goma sha biyar. Allah ya ƙara basira.

Mama Scholastica ce ta kawo mini labarin har sito. Tun ina yaron awo nake karɓar cittarta. Ita ce shugabar matan Unguwar Kumai, can bayan Gidan Waya. Da cutar nan ta ruɓar da citta a gona, falalen dutsen da suke shanya a kai ya koma wurin barcin awaki. Sai suka haɗa adashensu, wasu har aladunsu suka sayar, suka jera farantan sola a kan dutsen. Kamfanin da ya ja waya yake ba shagunan yankin wuta ya ce duk abin da farantan suka kama zai saya, a farashin da tsari ya yanka, ba ragi. An riga an haɗa su na gwaji, mita na juyawa. Saura sa hannu.

Ta ce, "Malam Misbahu, mu ko mudu ba mu taɓa sayarwa ba sai kana wurin. Ka zo ka zama bakinmu."

Na ce Mama, sun faɗi farashi? Ta ce sun faɗa, wai shi ke nan. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni. Shi ke nan! Ni ma kullum farashina na farko shi ke nan ne.

Juma'a, 28 ga Fabrairu

Sito wayam, sai ɓeraye da ƙamshin kayan da. Ana neman watan azumi. Na aika wa Mama cewa zan zo, ba don la'ada ba. (Ba don ita kaɗai ba.)

Talata, 4 ga Maris

Innalillahi. Bari in rubuta tun abin bai gauraye mini ba.

Mun je ofishin kamfanin, ni da Mama da Hulda, ma'ajin ƙungiyar, mai ido kamar na awon gwal. Na sa babbar rigata mai aiki. Wadda ta karɓe mu yarinya ce, Injiniya Miriyam, ba ta kai ƙanwata ba. Ta yi bayani tiryan-tiryan: kowace wuta da ta shiga wayarsu daga dutsen, mita za ta ƙirga, a biya duk wata. Ko kasuwa ta yi arha, ko wasu sun kawo wuta mai yawa, nasu farashin ba ya sauka. Wai an yi haka ne don wanda ya zuba dukiyarsa a hasken rana ya yi barci da ido biyu rufe.

Na bari ta gama. Sai na jefa wanda na ɓoye a aljihu. Na ce, 'yata, shekara sha biyar? Kin san abin da kuɗin buhu ɗaya na da yake saya yau? Ko igiyar ɗaure bakinsa. Ta ce akwai wannan a ciki, duk shekara ana duba tsadar kaya a ɗaga shi gwargwado, da lissafi, ba da baki ba.

Ba da baki ba. A gabana ta faɗa.

Na gyara hula na ce, "Albarka."

Ta yi murmushi. "Baba, uwata 'yar kasuwa ce, na san albarka. Amma ba ni na yanka ba, ko kwabo ba ni da ikon ƙarawa."

To wane mai saye ne bai taɓa cewa ba shi da iko ba? Na miƙe, na yi wa matan ido, suka miƙe. Muka taka a hankali, yadda ake yi. A bakin ƙofa na tsaya gyaran takalmi. Shiru. A tsakar fili na tsaya amsa wayar da ba wanda ya kira. Shiru. A bakin get na waiwaya ta taga: yarinyar nan ta buɗe kwanon abincinta tana cin doya.

Doya! Kaya na fita daga hannunta tana cin doya.

Laraba, 5 ga Maris

Ba ta kira ba. Gwana ce, na yarda. An koya mata.

Asabar, 8 ga Maris

Na je Unguwar Kumai. Gaskiya abin da kyau: farantai baƙaƙe a jere a kan dutse, daidai inda a da ake baza tsagaggiyar citta har ƙamshi ya hana ka numfashi. Matan sun share wurin kamar ɗakin amarya, har da furanni a gwangwani.

Na tara su a inuwar coci. Na ce, in mai saye ya yi taurin kai, me muke yi? Suka amsa baki ɗaya, "A ɗaure buhu!" Na ji daɗi, tarbiyyata ce. Na tuna musu shekarar da muka riƙe kaya har damina, 'yan Legas suka zo suna kirana Alhaji tun ban ga ko filin jirgi ba. Na ce yanzu kuna zuba musu wuta a farashinsu, don me za su ƙara? A kashe. A tara. Ga zafi na shigowa, masu ƙanƙara da masu aski za su tayar musu da hankali, sannan mu yi magana.

Hulda ta ce, "Oga dillali, ka tabbata wannan abin yana taruwa?"

Na ce ina da sola a gidana, da rana ta sha, da dare ta ba ni fanka. Mama ta ce, "Malam ya faɗa." Ita da hannunta ta sauke makunnin. Ƙarar akwatin nan mai kama da kudan zuma ta ɗauke. Mita ta tsaya.

Litinin, 10 ga Maris

Rana kamar ta fasa kai. Da can tsine mata nake yi da azumi a bakina. Yau ina kallonta ina cewa zuba, zuba, kayanmu ne.

Alhamis, 13 ga Maris

Miriyam ta kira Mama, wai ta ga ba abin da ke shigowa, ko wani abu ya lalace? Alhamdu lillahi, yunwa ta fara. Na ce a gaya mata lafiya lau, muna hutawa ne.

Matata Zahra'u ta tambaye ni wurin buɗa-baki me ya sa nake murmushi ni kaɗai kamar wanda ya tsinci akuya. Na ce mata harkar maza ce. Ta ce ita ta ji harkar mata talatin ce.

Talata, 18 ga Maris

Ban san ta inda zan fara ba.

Yarinyar ta zo da kanta a kan babur, da jakar kayan aiki, ta ɗauka gyara za ta yi. Ni kuwa na riga ta isa, na sa an shimfiɗa mini tabarma a gefen dutse. Ta buɗe akwatin, ta ga makunni a ƙasa. Ta juyo.

"Wa ya kashe?"

Na ce mu. Na ce yanzu sai mu zauna, kaya ya taru, kwana da kwanaki na rana mai kyau, ba gauraye. Nawa za ki saya?

Ta dube ni, ta dubi Mama, ta sake dubana. "Wane kaya, Baba?"

Na nuna farantan. Ta zauna a kan dutse, zafinsa ma bai dame ta ba. Ta ce babu batir a nan. Na kawo mata zancen tawa ta gida, ta ce ita tana da batir shi ya sa take ajiyewa. Wannan kai tsaye take shiga waya, shi ya sa kuɗin matan ya isa suka kafa mai yawa haka. Abin da rana ta bayar jiya, in bai shiga waya jiya ba, ya tafi. Ba ya cikin faranti, ba ya cikin akwati, ba ya ko'ina.

Na ce, ko kaɗan? Ko ɗan na ƙasan buhu?

Ta girgiza kai.

Na taɓa ganin citta ta ruɓe, na taɓa ganin ruwa ya ci sito, amma ko ruɓaɓɓe kana ganinsa, ka riƙe shi a hannu ka yi kuka. Wannan ko wari bai bari ba. Kayan da ba ya kwana! Tumatir ma yana kwana.

Hulda ta ɗora hannu biyu a ka. "Yesu! Rana ya fito, ya faɗi, ya fito, ya faɗi, mu muna zaune muna gadin iska!" Wata tsohuwa ta tambaya ko za a iya roƙon kamfanin ya duba, ko akwai wanda ya maƙale a waya. Ba wanda ya yi dariya. Mama ta miƙe. Ta je ta ɗaga makunnin, kudan zuman ya dawo. Gara ma ta zage ni.

Kafin Miriyam ta hau babur ta ƙara wata. Wai wannan farashin na waɗanda suka sa hannu kafin ƙarshen watan nan ne. Masu zuwa daga baya nasu zai yi ƙasa, don farantai suna ƙara arha, kuma an ɗaga na farkon ne don a jawo masu ƙarfin hali. Wanda ya makara, ƙaramin ne zai bi shi duk shekarun.

A nan na ɗan dawo hayyacina. Wannan kam na san shi. "Motar Legas gobe za ta tashi." Ni na ƙirƙiro wa kasuwar cittar Kachia wannan maganar. Motar da ta yi shekara ashirin tana tashi gobe.

Laraba, 19 ga Maris

Ba wai na yi kuskure ba ne. Wa ya taɓa jin an kafa sola ba batir? Su ne ba su yi bayani ba.

Lahadi, 23 ga Maris

Na jira su suka fito daga sujada. Na ce a bar wuta tana shiga, wannan na yarda. Amma sa hannu sai ranar ƙarshe, talatin da ɗaya ga wata. Duk mai saye yana da wani abu a ƙasan aljihu da ba ya fitarwa sai ya ga rana ta kusa faɗuwa. Abin da za mu samu a ranar zai rufe na kwanakin da suka wuce har ya yi saura.

Hulda ta ce, "In kuma babu aljihun fa?"

Na ce babu ɗan Adam da ba shi da aljihu.

Mama ta dube ni. Sai ta ce, "Mun ji, ɗana. Allah ya kai mu." Ta ba ni zuma a gora don buɗa-baki. Ba ta saba ce mini ɗana ba sai ranar da aka yi mini rasuwa.

Laraba, 26 ga Maris

Zahra'u ta ce, "Baban Nuru, kuɗin nan ba naka ba ne, na gwauraye ne da masu marayu. Ka taɓa ganin an ƙara wa wani a ofishin nan?" Na ce ba wanda ya taɓa zuwa musu da dillali. Ta ce wataƙila da dalili. Ta ɗauki wayarta ta shiga madafa, ta daɗe.

Juma'a, 28 ga Maris

Na makara da barcin safe, azumi ya yi nisa. Wajen hantsi na hango Mama da Hulda a keke, da ankon zumuntar mata, suna fitowa ta hanyar tasha. Na ɗaga hannu. Hulda ta leƙo ta ce koyon waƙar Ista suka zo. Mai keken bai tsaya ba.

Na kai babbar riga wurin guga. Litinin za a ga aiki.

Lahadi, 30 ga Maris

Sallah. An ci, an sha. Ina ta bitar maganar gobe a zuci har liman ya sallame ban sani ba.

Litinin, 31 ga Maris



Na ce bari in riga matan isa, in ɗan taɓa yarinyar in ji laushinta. Na tarar da get a kulle da kwaɗo. Maigadi, wani Francis, yana wanke babur. Ya ce, "Barka da Sallah, Alhaji. Ai hutu ne, yau da gobe. Sai Laraba."

Hutu. Hutun Sallah. Sallar da ni na yi. Ni da na sayi shadda, na biya tela, na kwana ina neman wata, ban taɓa kawo wa raina cewa ofis yana rufewa saboda ita ba. Kasuwa ba ta rufewa. Ni ko ranar sunan ɗana sai da na auna buhu.

Na ce to Laraba ai duk ɗaya ne. Ya ce a'a, madam ta faɗa wa kowa, farashin farko Juma'a ya rufe da tashin ofis, na'ura ce ke rufewa ba mutum ba. Wasu mutanen Kagarko ma sun zo da yamma a guje, da ƙyar suka shiga. Na ce ba ni lambar wayarta. Na kira, a kashe. Na ce masa, ɗan'uwa, ba yadda za a yi? Na sa hannu a aljihu. Ya ce, "Alhaji, ko ni ka saya gaba ɗaya, mabuɗin get kawai gare ni."

Ashe motar tana tashi.

Na zauna a kan dakalin get da babbar riga. Shekara goma sha biyar. Wadda ta sayar da aladunta. Tsohuwar da ta tambayi abin da ya maƙale a waya, wa ya san ko za ta ga ƙarshensu. Jikokinta ne za su gaji ƙaramin farashi, da sunana a kai. A citta in ka faɗi bana, baɗi na nan. Wannan ba shi da baɗi.

Na jira matan har azahar, ba su zo ba. Na ce sun ji labari ke nan. Na hau babur na nufi Gidan Waya, na kai mararraba na juyo. Da wane bakin?

Talata, 1 ga Afrilu

Na ce wa Zahra'u zazzaɓi nake yi, ko wa ya zo ba na nan. Ko minti goma ba a yi ba na ji tana cewa, "Maraba da Mama! Ku shigo, yana ciki, lafiyarsa ƙalau."

Sun zo barka da Sallah kamar kowace shekara, da kwaryar acca. Na fito. Na durƙusa, abin da ban yi wa kowa ba tun rasuwar tsohona. Na ce Mama, ofis... 

Hulda tana tauna naman kaza ta ce, "Oga dillali, tashi kar rigar ta yi datti. Mun sa hannu tun Juma'a."

Na ce wace Juma'a?

"Ta koyon waƙa."

Na dubi Mama. Ta ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Kana azumi, ba mu so ɓata maka rai ba. Kuma da ka sani, da ka biyo mu ka ce albarka."

Na ce to wa ya yi muku magana a wurin? Wa ya taya, wa ya sallama? Ta ce babu. Sun zauna, an karanta musu da Hausa, sun tambayi abin da ba su gane ba, suka dangwala. Ko shayin da aka ba su bai huce ba.

Sai Zahra'u, tana zuba kunun aya ba ta ko ɗago ba: "Ni na ce su je da sassafe, kafin ka tashi."

A gidana. Da katin wayar da na saka mata.

Ban san ko dariya zan yi ko kuka ba, sai na ci acca ɗanya, har sau biyu, don in sami abin yi da bakina. Mama ta dafa kafaɗata ta ce in citta ta dawo, ba su da wani sai ni, ko mudu ɗaya ne. Ta ce, "Amma rana ba ya son dillali, ɗana." Hulda ta ce kwanakin da aka yi gadin iska kuwa ta yafe, amma za ta riƙa ba da labarin a kowane biki har ta mutu.

Na raka su bakin titi. A hankali suka taka. Ba wadda ta tsaya gyaran takalmi.

Alhamis, 10 ga Afrilu

An yi ruwan farko. Na hau rufin sito da igiya don in duba yoyo. Ba ya yoyo. Tunda na riga na hau, sai na auna shi, tsawo da faɗi, don kawai in sani. Kwano mai yawa, yana kallon sama tun safe har yamma, ba ya kawo ko sisi.

Na kira Miriyam in yi mata barka da hutu. Magana ta kawo magana, ta faɗi farashin 'yan makara. Ya yi ƙasa da na su Mama, ba laifi dai. Ta ce shi ma yana da ranar rufewa. Na tambaye ta ranar, na kuma tambaya ko akwai wani hutu kusa da ita. Ta yi dariya, ban ga abin dariya ba. Albarkar ta taso mini har maƙogwaro, na haɗiye ta da ruwa.

Ba wai zan yi ba ne. Ko na yi, Zahra'u ba za ta ji daga bakina ba.

Abu ɗaya ne har yanzu ban gane ba. A ce mutum ya sa hannu, kuɗi na shigowa duk wata, ba tayi, ba rantsuwa, ba fushin ƙarya, ba wanda zai biyo ka bakin ƙofa ya riƙe maka riga. To shekara goma sha biyar ɗin nan, bakin mutum me zai riƙa yi?